Cokali Ɗaya na Man Gyaɗa

Da sunan Allah nake farawa. Kafin in shiga labari zan ambaci mutanen da ke cikinsa, domin kada mai karatu ya ruɗe. Akwai Alhaji Dogo, manomi, mai babban gida a Bilbis ta ƙasar Tsafe. Akwai yayarsa Goggo Tambaya, wadda ta shekara arba'in da ɗaya a Kwatarkwashi tana aure tana sana'ar man gyaɗa, sa'an nan ta dawo gidan ubanta bayan rasuwar mijinta. Akwai ƙanensu Lawwali, wanda ya rasu kafin labarin ya fara, amma shi ne tushensa. Akwai Sa'adiya, matar ɗan Alhaji, da 'yarta Zulai mai shekara uku. Ta ƙarshe ita ce Rebecca, ma'aikaciyar jinya a garin Tsafe. Ni kuwa maƙwabcinsu ne, a zauren Alhaji muke cin tuwo tare. Abin da ban gani da idona ba, daga bakin masu shi na ji.

Wata bakwai turmin Goggo Tambaya ya yi a kife a gindin darbejiya, har kaji suka mai da shi wurin hawa. Turmi ne na ƙirya wanda mai ya ratsa shi shekara da shekaru, ya yi baƙi wuluk yana sheƙi. Ko ruwan sama ya sauka a kansa ba ya shiga, sai ya dunƙule ya gangara ƙasa.

Ga dalilin kife shi. Lawwali ya faɗi a gonarsa ta Nahuce, a ƙasar Bungudu, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Kwana tara ya yi bai furta ko kalma ɗaya ba, Alhaji Dogo na zaune a gefensa yana goge masa yawu, har Allah ya karɓi abinsa. Ba a yi sadakar arba'in ba shi ma Alhaji ya fara ciwon kai da jiri. Aka kai shi Gusau. Likita ya auna shi, ya ɗebi jininsa, ya ce jinin ya hau, kuma kitse ya yi yawa a cikinsa, irin wanda ke taruwa a hanyoyin jini har ya toshe su. Ya ce ya rage maiƙo, musamman kitsen nama da man shanu, ya rage gishiri, ya riƙa shan magani.

Alhaji ya ji sarai. Amma a cikin mota, kan hanyar dawowa, ya yanke wa kansa cewa ragewa ta mutumin da bai ga bakin ƙanensa a karkace ba ce. Yana isa ya tara gida, manya da yara.

Ya ce, "Daga yau maiƙo ya fita daga gidan nan. Man gyaɗa, man ja, man shanu, kitse, har ƙuli-ƙuli. Kada in ƙara jin ƙamshinsu."

Goggo Tambaya ta ce, "To, a riƙa ɗebe taka miyar kafin a zuba mai mana, Dogo." Ita kaɗai ta rage a duniya da ke kiran sa da sunansa tsagwaro, ba Alhaji.

"Yaya, kin san wasiyyar Baba. Gidan nan tukunya ɗaya gare shi. Yau a ɗebe wa wannan, gobe a ɗebe wa wancan, jibi ki ga murhu biyu, baɗi a ja katanga a tsakar gida. Ban da haka ma, in guba ce gare ni, guba ce gare ku. Ba zan tsare kaina in bar jikokina suna shan abin da ya kashe Lawwali ba."

"Ajali ya kashe Lawwali."

"Ajali da man shanu. Ludayi biyu yake kwarara wa tuwo, ina kallo, ina yi masa dariya."

Goggo ta ga idonsa ya ciko da ƙwalla, sai ta yi shiru. Ta tashi da kanta ta kife turmin. Daga baya ta gaya mini cewa wannan shirun shi ne abin da ta fi jin kunyarsa a duk rayuwarta.

Haka aka shiga cin miya lami, ruwa da kuka da daddawa. Nono babu, gama tun shekarar da ɓarayi suka kore shanun gidan ba a sake mai da ko ɗaya ba. Sai dai doka ba ta kama kowa daidai ba. Magidantan gidan sukan tsaya wurin mai ƙosai a tasha, su goge baki kafin su shigo. Mata sukan rama a gidan biki ko suna. Ni kaina, in faɗi gaskiya, nakan zo zaure cikina rabi a cike. Mutum biyu kaɗai dokar ta kama sosai: Alhaji da ya kafa ta, da wadda ba ta isa fita ƙofar gida ita kaɗai ba, wato Zulai.

Da farkon damina Zulai ta yi ƙyanda. Ta warke, amma jikinta bai dawo ba. Wuyanta ya yi tsawo, fatar hannunta ta bushe ta yi kaushi. Sa'adiya ba ta yi sake ba: zogale, kabewa, karas, duk abin da aka ce yana gina yaro sai ta dafa a ruwa ta ba ta.

Akwai wata al'ada tsakanin Alhaji da wannan jika tasa. In ya dawo daga sallar magariba yakan tsaya kusa da rumbu, ita kuma ta sheƙo da gudu ta kama yatsansa, ya ce, "Uwargida, me aka dafa wa maigida?" Ta ce, "Ba na son ka, ka tsufa!" A cikin 'yan makonnin nan sai ta daina zuwa. Rana na faɗuwa takan lafe a bakin ƙofar uwarta, ta riƙe gefen zani. Alhaji ya ɗauki abin wasa. Yakan ce mini, "Uwargida ta yi yaji. Ina jin ta samu saurayi."

Goggo ce ta lura. Wata magariba ta ga yarinyar ta taso za ta sha ruwa, ta yi karo da kifaffen turmi, ta tsaya tana shafa shi kamar ba ta taɓa ganin sa ba. Da safe ta ja ta cikin haske, ta buɗe mata ido. A kan farin idon akwai wani ɗan tabo kamar kumfar sabulu ta bushe.

Ta ce wa Sa'adiya, "Dundumi ne. Ba ni mayafinta, za mu Tsafe."

"Goggo, ba a gaya wa Baba ba."

"In ya tambaya ki ce yayarsa ta fita."

Rebecca ta daɗe da sanin Goggo, domin kafin doka a wurinta take sayen mai. Tana ganin ta ta tafa hannu.

"Inna! Kin guje ni. Wata bakwai ina cin man galan, miyata ta rasa mutunci."

"Ba ni na guje ki ba, 'yar nan, ƙanena ne ya musuluntar da turmina, yanzu azumi yake yi. Duba mini idon nan."

Dariyar Rebecca ta ɗauke da ta duba. Ta tambayi abin da yarinyar ke ci, Goggo ta zayyana mata, har da batun tukunya ɗaya.

Rebecca ta ce, "Akwai abin da ido ke bukata domin ya gani in haske ya ragu. Bitamin A muke ce masa. Yana cikin zogalen nan da kabewa da karas, uwarta ba ta yi laifi ba. Amma shi ba ya narkewa a ruwa, sai a mai. In babu mai a cikin abinci, mafi yawansa wucewa yake yi, jiki bai kama ba. Ɗan abin da hanta ta ajiye kuma ƙyanda ta cinye shi."

Goggo ta ce, "Kamar jan tattasai ke nan? In kin dafa shi a ruwa, ruwan sai dai ya yi ɗan dishi-dishi. In kin soya, duk jan sai ya koma cikin mai."

"Shi ke nan, Inna. Kin gama karatun da muka shekara muna yi."

Ta ɗauko wata 'yar ƙwaya ja mai laushi, ta yanke bakinta da almakashi, ta matse a bakin Zulai. Wani ɗigo ya zubo a yatsan Rebecca. Goggo ta kama yatsan, ta murza, ta sunsuna.

"Ashe maganin ma mai ne!"

"A cikin mai aka narkar da shi. Ki dawo da ita gobe, sa'an nan bayan mako biyu. Cikin kwana biyu ko uku za ta fara gani da magariba. Amma ki ji ni da kyau, Inna. In ta koma wa waccan tukunya, zai dawo. In kuwa tabon nan ya hau baƙin ido ya yi gyambo, ba ni da ƙwayar da za ta mai da shi. Kuma ba ido kaɗai ba. Ƙwaƙwalwar yaro da fatarsa duk da mai ake gina su. Cikinta ƙarami ne, cokali ɗaya na mai ya fi cokali biyu na gari ba ta ƙarfi."

"To shi Dogo fa? Da gaske mai zai kashe shi?"

"Mai iri-iri ne, kin fi ni sani. Wanne ke daskarewa in an ajiye?"

"Kitse da man shanu. Man ja ma yakan yi barci. Nawa kuwa yana nan a tsinke, sai in sanyi ya yi tsanani yake ɗan yin hazo."

"Masu daskarewar nan likita ya fi nufi. Naki, in kaɗan ne, ko Baba ba zai cuce shi ba. In rubuta masa takarda?"

"Takardar likita ce ta kife mini turmi. Bar ni da shi. Ni na goye shi."

Kafin azahar ta dawo Bilbis, Zulai a bayanta, tiya biyu na gyaɗa a kanta. Ta sauke yarinya, ta kori kaji, ta tuntsurar da turmi ta tsayar da shi a kan gindinsa. Ta hura wuta a tsakiyar gida, ta ɗora kasko.

Sa'adiya ta zo ta durƙusa. "Goggo, don Allah ki yi a ɗakinki. Sai mu riƙa ba ta a ɓoye, ba wanda zai sani."

"A ɓoye ake yin sata, Sa'adiya. Ni me na sata? In na ɓoye yau, gobe in na mutu wa zai ɓoye mata? Gara a yi ta a fili, a ƙare."

Ta soya gyaɗar, ta murje, ta sheƙe, ta kai inji da ƙafarta aka niƙa. Ta juye a turmi, ta kama taɓarya tana tuƙawa, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Hannun da ya yi wata bakwai bai yi aiki ba ya gaji, amma ba ta ba kowa taɓaryar ba. Gyaɗar ta sha ruwa ta dunƙule, mai ya ƙi zama da ruwa ya taso sama, garai-garai, kamar zuma. Matan gida suka tsaya a ƙofofin ɗakunansu suna kallo.

Bayan la'asar muka dawo daga masallaci ni da Alhaji. Tun daga bakin zaure ƙamshin ya tarye mu. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, sa'an nan fuskarsa ta sauya. Ya shiga ciki. Ni na tsaya a zaure, amma ba a yi maganar a hankali ba.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Ga ni a gabanka da taɓarya, kana tambaya. Ko kai ma dundumin ya kama ka?"

"Yaya, na kafa doka a gidan nan."

"Ka kafa. Na bi ta wata bakwai. Yau na karya ta, kuma da rana tsaka na karya."

"Gaban surukaina za ki tozarta ni? To ki ji. Ko man nan ya fita daga gidan nan kafin gari ya waye, ko kuwa..."

"Ko kuwa me? Ƙarasa mana. A ɗakin can aka yanke mini cibiya, shekara shida kafin a san za a yi ka. Ina za ka kore ni in tafi?"

"Ni ne mai gidan nan!"

"Kai ne. Ban zo ƙwace maka gida ba, Dogo. Idon Zulai na zo ƙwata."

Ta gaya masa abin da aka ce a Tsafe, dalla-dalla, har da misalin tattasai. Ya saurara, sa'an nan ya girgiza kai.

"Kowa da nasa zance. Likita ya ce mai cuta ne, nas ta ce mai magani ne. Ni abin da na gani da idona na sani. Na ga Lawwali. Yarinya kuwa ga ta can tana wasa da 'yar tsanarta, ƙalau."

"Da rana kake ganin ta. Tun da abin da ka gani kaɗai ka yarda da shi, to mu yi haka. In ka dawo daga magariba ka tsaya inda ka saba. Kada ka yi magana, kada ka yi gyaran murya. In ta zo ta kama yatsanka, da hannuna zan zubar da man nan a ƙasa, in kife turmi har ranar da za a ɗauke ni. In kuwa ba ta zo ba, to ni da kai ne."

Ya ce, "Na yarda." Ya fito zaure ya zauna. Da aka kira salla muka tafi masallaci.

Da muka dawo, sauran haske na nan a sama. Mai lafiyar ido yana iya ƙirga kajin da ke hawa darbejiya. Alhaji ya ce in biyo shi in zama shaida, na yi sallama na tsaya daga bakin ƙofa. Ya je kusa da rumbu ya tsaya, dogo da shi cikin farar riga, ya miƙa yatsa.

Goggo ta yi wa Sa'adiya ishara. Sa'adiya ta ce, "Zulai, ga angonki can ya dawo. Je ki tarye shi."

Yarinyar ta yi murmushi, ta saki zanin uwarta. Ba ta yi gudu ba. Ta miƙa hannu biyu gaba, tana jan ƙafa a ƙasa, idanunta a buɗe tar. Ta nufi wajen rumbu, domin ƙafarta ta san hanya. Ta zo daidai Alhaji, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba, ta wuce. Ta ci gaba har hannunta ya taɓa turken da ke tallafe da rumbu. Ta rungume shi, ta ɗaga kai.

Ta ce, "Alhaji? Ka yi shiru. Ko ka yi fushi don na ce ka tsufa?"

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Alhaji, ba magana ba ce. Zulai ta juya da sauri wajen da ta ji shi. Ya durƙusa ya ɗauke ta, ya kifa fuskarsa a kafaɗarta. Matan gida duk suka shige ɗaki. Ni ma na sunkuyar da kai.

Ya daɗe a haka. Can ya ce, "Yaya, ni fa tsare su na yi niyya."

"Na sani. Shi ya sa na yi shiru wata bakwai. Laifin namu ne mu biyu."

Ya share fuska da hannun riga, ya miƙe, ya gyara tsayuwa irin ta mai gida. Ya ɗaga murya yadda na cikin ɗaki za su ji.

"Daga yau a ɗebe nawa kafin a zuba. Amma tukunya ɗaya ce."

Goggo ta ce, "Wa ya ce biyu ce?"

Ta jawo kwanon Zulai mai faten kabewa da zogale, ta ɗebo cokali ɗaya daga sabon mai, ta zuba, ta juya. Sa'an nan ta dubi ƙanenta. "Kai ma an ce rabin cokali ba zai yi maka kome ba."

"Yaya, kin ci gida. Bar mini akushina."

Ba ta ja ba. Ta dai ce, "Akushin ma zan zo kansa."

Washegari Alhaji da kansa ya raka su Tsafe. A rana ta huɗu, da muka dawo daga magariba, na ga bai zauna a zaure ba, ya wuce ciki ba tare da gyaran murya ba. Ban bi shi ba. Na dai ji ƙarar kwano ya faɗi, na ji sawun ƙananan ƙafafu da gudu, sa'an nan na ji muryarta tana cewa, "Na gan ka! Na gan ka, tsoho!"

Ya fito bayan ɗan lokaci, ya zauna a kan buzunsa. An riga an kawo tuwo: nawa miya na ƙyalli, nasa lami kamar kullum. A hasken fitila na ga yatsansa na dama yana sheƙi, inda ta kama shi da hannun da take cin abinci. Na miƙa masa buta. Ya zuba ruwa, ruwan ya dunƙule ya gangara, sheƙin yana nan. Na laluba na miƙa masa sabulu.

Ya dubi sabulun, ya dubi yatsan. Ya ce, "Bar shi."

Ya jawo akushinsa, ya yi bisimilla, ya yanki loma da wannan hannu.

A nan na tsaya. Ni alƙalami bai shiga hannuna ba sai da gemuna ya yi fari, kuma bayanin ma'aikaciyar jinya daga bakin Goggo Tambaya na ɗauko shi. Saboda haka duk wanda ya ga inda na karkace, ko a rubutu ko a zancen mai da aikinsa a jiki, ya daure ya miƙe mini shi, ya kuma yafe mini. Allah ya bar mu da idanunmu.